Muryar Baba a Cikin Kaset

Shekarun baya, ba a daɗe da komawar soja bariki ba, kwamfuta ta fara shigowa ofisoshinmu a Katsina. Ni kuwa na ɗauki kaina gwani, don na iya kunna ta na iya kashewa.

Mahaifina tela ne a Ƙofar 'Yandaka, kuma mayen kiɗa. Duk inda ake wasa yana can, rikoda a hammata yana ɗauka. Da ya rasu ya bar kwali biyu na kaset. Mahaifiyata ba kiɗan ne ya dame ta ba. A wasunsu ana jin muryarsa yana yi wa makaɗa kirari, kuma ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan. Ga shi zaren ya fara lalacewa.

Na ce ta bar mini komai. Na kwashi goma na kai wani shago, aka matse su suka koma MP3, aka goge shuuu ɗin da ke ciki, duka suka shige faifai ɗaya. Don tsabar iyawa, kaset ɗin ma can na bar su aka ɗora wasu waƙoƙi a kai. Na zo na kunna mata ina hura hanci. Kalangu ya koma kamar ana dukan gwangwani, muryar Baba kuwa ta tafi tare da shuuu ɗin.

"Wanga ba shi ba ne," ta ce. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ina da aboki a ofis, mutumin kudancin Kaduna, shi ke ɗaukar waƙoƙin cocinsu. Da na ba shi labari sai ya riƙe baki.

"Malam, kai ɗan tela ne fa. In riga ta ƙi shiga akwati, ninke ta ake yi ko yanke ta?"

Ya ce MP3 yanka yake, abin da ya yanke kuma ba ya dawowa. Akwai wani tsari, FLAC, shi ninkewa kawai yake, ba ya zubar da komai. Na ce ai zai ci faifai da yawa, kuma rediyon gidanmu bai san shi ba.

"A ajiye uwar sautin tukuna," in ji shi. "Daga ita ka ciri ƙanana ko nawa kake so."

Asabar bakwai ya yi yana zuwa zaurenmu da kwamfutarsa. Kowane kaset sai ya juya shi da biro a hankali kafin ya saka. Ban taɓa ganin haƙuri irin na bawan Allahn nan ba. Ina ta cewa a goge shuuu ɗin nan, yana cewa a'a, akwai mutane a cikinsa. Wani kaset da zarensa ya manne, ya ce sau ɗaya tak zai yi juyi. Haka aka yi. Yana kaiwa ƙarshe ya tsinke, amma an riga an ɗauka.

Shi ya kunna wa mahaifiyata. Garaya na tashi, can sai ga Baba: "Allah shi ƙara basira!"

"Maido baya," ta ce. Sau uku ana maidowa. Sannan ta yi murmushi, hawaye na zuba.

"Mura yake ranar nan. Na ce mashi kar ya hita, ya ƙi ji."

Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu, Mama."

Har yau ina girmama shi, don ya san abin da ban sani ba: ba kai ke zaɓen abin da za a zubar daga kayan wani ba. Ni hayaniya na ji, ita mijinta ta ji. Goman nan da na salwantar kuwa, har ta koma ga Allah ba ta taɓa tambayata su ba.