Notin da Na Ɗaure a Motar Baffa

A shekarun da kuɗin fetur ya shigo ƙasa, baffana, yayan mahaifina, ya sayar da bijimai ya sayo a-kori-kura, irin mai ƙarfin nan da ake lafta wa buhuna har ta durƙusa. A garinmu, can gefen Gwiwa, ita ce motar farko da ta fara kwana a ƙofar gida. Ni ya danƙa wa makullin, don na yi zaman gareji a Kazaure na koyi tuƙi. Ba ni da gonar kirki, ba ni da wata sana'a. Makullin nan shi ne abincina, shi ya sa ma ake amsa gaisuwata da sakin fuska.

Tsakanin tayoyin baya akwai wani ƙullutun ƙarfe a jikin aksul, inda haƙoran ƙarfe ke cin juna suna juya tayoyi. Cikinsa man giya ne, mai kauri kamar zuma, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. In ya ƙafe, haƙoran su cinye kansu, mota ta kwanta. Noti biyu gare shi: na ƙasa na zubarwa, na sama na ɗurawa.

Ranar da na fara canja man nan, mun dawo daga kasuwar Babura man yana da ɗumi, lokacin da ya fi saurin zuba. Na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashi, na tara tsohon kwano, na kwance noti. Baƙi ƙirin ya zubo, har cikin hannun rigata. Na goge ɓurɓushin ƙarfen da ya maƙale wa notin, na mayar, na ɗura sabo da mazurari da guntun tiyo har ya tumbatso ta ramin sama. Ina fitowa na tarar da wani tsohon makiyayi, aminin Baffa tun ƙuruciya, a tsugune yana kallon kwanon. Ya ce in ba ni da amfani da shi in ba shi, shanunsa na fama da kirci. Na ce ya ɗauka, dama zubarwa zan yi.

Ban san me ya warkar da shanun nan ba, amma sun warke. Kafin wata ya ƙare labari ya kai rugagen Roni. Mai jaki da gyambo, mai raƙumi da ƙazuwa, kowa ya nufo ƙofar gidanmu da kwalba. Na ce babu, sai an sake canji. Suka wuce ni suka shiga zaure wurin Baffa.

Shi kuwa Baffa bai iya cewa babu ba. A gidanmu ba a mayar da maƙwabci hannu wofi, ko gishiri ne ko iri, haka ya taso ya gani. Ban san abin da ke gudana ba sai da motar ta fara kuka daga baya, wani irin gurnani da ke ƙaruwa in na taka ta. Na kwance notin sama na zura yatsa, ya fito a bushe. Na duba ko yoyo take, babu ko ɗigo a ƙasa. Na ciko ta. Ba a jima ba kukan ya dawo.

Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci da wuri, sai ga ƙafafun Baffa sun leƙo daga ƙarƙashin mota, babbar riga a naɗe a kafaɗa, sifanata ta kwance noti a hannunsa, mutane a tsugune kowa da kwalbarsa. Raina ya ɓaci. Amma yayan uba ne. Na tsuguna na ce, "Sannu da aiki, Baffa."

"Yawwa, direba. Ɗan kaɗan na tsiyaya wa bayin Allah."

Da suka watse na bi shi zaure. Na yi masa bayani a hankali, kaina a ƙasa, cewa man nan shi ne ran motar. Ya ce ai tana da shi da yawa a ciki. Na ce ba ta da shi da yawa. Ya ce to a ƙara mata, ba don haka ake sayar da shi ba?

Na sayo galan na sabon man giya daga Kazaure na ajiye a zaure, na ce duk mai so a tsiyaya masa daga nan. Ba wanda ya karɓa. Tsohon makiyayin ya shinshina ya ture, ya ce wannan ɗanye ne, bai dahu ba. Maganin yana cikin wanda ya sha tafiya a cikin mota ya yi baƙi. Baffa ya gyaɗa kai kamar an karanto hadisi. Wallahi ranar da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina.

Haka muka yi ta yi, ni ina ɗurawa ta sama, shi yana zubarwa ta ƙasa. Duk tafiya sai na shiga ƙarƙashi na zura yatsa kafin in tayar. Matata ta gaji da wanke riguna masu warin ƙwai. Da na fara ganin ɓurɓushin ƙarfe a notin ya zama 'yan ɓaraguzai masu kaifi, na san haƙoran sun fara ci. In motar ta mutu a hannuna, ba wanda zai ce Baffa ne. Direba za a ce.

Sai na canja man gaba ɗaya, na samo dogon bututun ƙarfe na zura wa sifana, na tokare ƙafa da taya, na ɗaure notin ƙasa da iya ƙarfina. Na sama ma na yi masa haka. Ban gaya wa kowa ba.

Da damina ta faɗi kirci ya dawo wa shanu. Aminin Baffa ya zo da kwalba, tare da surukinsa da ya taho daga wajen Kanya Babba don ya ji labarin maganin. Ina tsaye Baffa ya naɗe riga, ya ɗauki sifana ya shige ƙarƙashin mota. Ya ja, ya ja, ya yi nishi. Sifana ta kuɓuce, hannunsa ya daki ƙarfe. Ya fito da ƙasa a gemu, jini a yatsu, hula ta faɗi, baƙi na kallo. Tsohon ya mayar da kwalbarsa cikin jaka a hankali, ya ce ba komai, wata rana. Suka yi sallama suka tafi.

Baffa bai yi faɗa ba. Ya karkaɗe hularsa, ya dube ni.

"Kai ka ɗaure?"

"Ni ne, Baffa. Motar ce za ta lalace."

"Na ji. Mutumin nan tare muka yi kiwo. Bai taɓa zuwa ƙofata ya koma haka ba sai yau." Ya miƙo hannun mai jinin. "Kawo makullin."

Na ba shi.

Wani ɗan ƙanwarsa aka kira daga Achilafiya ya karɓi tuƙin. Shi ma ya gwada notin, bai motsa ba, har masu kwalba suka gaji suka daina zuwa. Kukan aksul ya tsaya inda yake bai ƙaru ba, motar ta yi shekaru tana dakon gero da awaki lafiya lau. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ranar kasuwa nakan tsaya a bakin hanya da buhuna, in ɗaga mata hannu kamar kowa, in hau baya.