Ƙugiyar Teku a Ruwan Tiga

Tun da na zo Dubai karatu, Baba ya daina zuwa fatsa. Umma ce ta gaya mini a waya. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ce mai riƙe masa gwangwanin tana duk Asabar a bakin dam ɗin Tiga. Mukan zauna shiru muna kallon guntun karan dawar da ya ɗaura a zare yana lilo a kan ruwa, har karfasa ta ja shi ƙasa.

Wata rana da yamma na shiga wani shagon kayan kamun kifi a unguwar Muraqqabat. Na zaɓi sanda mai sheƙi da ƙugiyoyi mafi girma da na gani, don a ganina babba ce ta dace da Baba. Ban tuna cewa kayan shagon na kifin teku ne ba. Na ba wani ɗan kasuwar Kano ya kai masa.

Bayan mako biyu Baba ya kira ni yana dariya.

"Uwata, dorina kika ce in kamo miki? Bakin karfasa ko rabin ƙugiyar nan ba zai ɗauka ba."

Kunya ta kama ni, na fara ba shi haƙuri. Sai na ji motsin ruwa yana dukan gaɓa a bayan muryarsa.

"Baba, kana ina?"

"Ina Tiga mana. Ai sai da na gwada kafin in yi miki tsiya."