Fuskar Ɗan Fari

A wancan zamani, in ka sha ruwan sanyi a wani zaure tsakanin Gumel da Maigatari, da wuya in ba daga randar Murja aka ɗebo maka ba. Maginiya ce 'yar gado, zaune a ƙarshen garin Sule Tankarkar, daga ita sai wata akuya mai ɓarnar tsiya. Mijinta ya rasu shekarar babbar yunwa. Ɗanta ɗaya ne tak, Barau, shi ne na fari, shi ne auta. Da Turawa suka zo neman 'yan dako lokacin yaƙinsu da Jamus, aka haɗa da shi aka yi kudu. Waɗansu sun dawo da tari, shi kuwa ko labarinsa bai dawo ba.

Murja mace ce mai kunya ta gaske, irin wadda ake nuna wa 'yan mata a ce su yi koyi. Tunda ta haifi Barau ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. In ya shigo gaisuwa ta kawar da kai, ta amsa wa bango. Garin kowa ya yaba. To, yabon ne ya bar ta a rana, don yanzu in ta rufe ido ta nemi fuskar ɗanta, sai ta rasa. Wannan ya fi rashin nasa ci mata rai, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Wata kasuwar Maigatari wani akawun masu sayen fatu ya tsuguna gaban tukwanenta. Mutumin Ikko ne, Kirista, ana kiransa Dogo don sunansa ya gagari bakin mutane. Ya kwance wani ƙyalle, sai ga mutum-mutumi na yumɓu ya rabe uku, fari da shuɗi, yana sheƙi kamar tangaran. Mace ce riƙe da jariri.

"Inna, wannan Maryama ce da ɗanta," in ji shi. "Gabanta nake addu'a, ita kaɗai na taho da ita daga gida. Jaki ya yar min da kaya. Ko za ki gina min irinta?"

Murja ta san abin da malamai ke cewa kan gina siffar mai rai, amma ta ga kaɗaici a idon mutumin, ciwon da ba sai an yi mata bayaninsa ba.

"Ɗan nan, Annabi dai ba zan gina ba," ta ce. "Uwa da ɗa zan yi maka, ka kira su abin da ka ga dama. Ɗan nata na nawa ne?"

"Na fari ne."

Ta koma gida ta kwaɓa yumɓu a bayan ɗaki, inda ba idon maƙwabta. Sheƙin Turawa dai ba ta da shi. Ta goge da 'ya'yan kuka har ya yi santsi, ta gasa da kara da kashin shanu, ta yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa tun yana da zafi, ya fito ja mai duhu yana ƙyalli. Fuskar jaririn ta kwaikwaya daga fasasshen. Abu ɗaya ta gyara, don a ganinta maginin farko bai san ya kamata ba: ta juyar da fuskar uwar gefe. Mace mai daraja irin wannan ta ƙura wa ɗan fari ido a gaban jama'a? Ina aka taɓa yi.

Dogo ya juya shi a hannu ya daɗe yana kallo.

"Inna, aiki ya yi kyau. Amma me ya yi mata take fushi da shi?"

"Ba fushi ba ne, kunya ce. So ne ma ya kawo haka."

"Shi yaron ya sani?"

Murja ta karɓi abinta ta sa a kwando, ta kama hanya tun kasuwa ba ta watse ba.

A karo na biyu ta ajiye fasasshen na Dogo can nesa. Ta gina uwar ta sunkuyar da kanta, ido cikin ido da abin da ke cinyarta, ta ce a ranta yau dai za ta kalli Barau son ranta. Hannu ba ya manta abin da ido ya gani, haka uwarta ta koya mata. Ta murza, ta shafe, ta sake murzawa, har yumɓun ya fara bushewa a yatsunta. Hancin na mijinta ne ya fito. Ta sake, bakin ya zama na ɗan maƙwabta. Ta zauna ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka tafi da shi. Daga baya ta share hawaye, ta gina abin da hannunta ya sani.

Ranar kasuwa ta miƙa wa Dogo. Uwar na kallon ɗanta, yadda ya so. Shi kuwa yaron ya ba ta baya, sai ƙeya mai ɗan tudu da kunnuwa a buɗe, an fitar da su tsaf har da wani tabo a gindin wuya.

"Inna, ina fuskarsa?"

"Sai ya juya zai fita nake ɗaga kai," in ji Murja. "Iyakar abin da na sani na Barau ke nan."