Hadimin Basha a Alƙahira

Shekarar da gwamnati ta ƙara albashi ta haɗa mana da ariyas, har masinjan ofishinmu sai da ya sayi babur. Ni da nake akawu, mai ilmin elemantare, na ga babur ya yi mini kaɗan, sai na biya kujerar Makka. Taubashina yana ji shi ma ya biya, don tun muna yara ban taɓa ɗaga ƙafa bai sa tasa a gurbin ba. Dillali ne a karar shanu ta Wudil, lokacin da mutanen Kudu ke kwasar bijimai ba su ko taya. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace. Kowa ya san abin da al'ada ta ce a nan: ni ne ubangida, shi bawana ne.

Da muka gama aikin hajji muka biya ta Alƙahira, wai mu ga dalar Fir'auna. Guzurinmu banki ya ba mu a cekin matafiya, irin wanda sai ka sa hannu a gaban mai canji kafin ya ba ka kuɗin ƙasar. Bawan nawa bai iya sa hannu ba, dangwale yake yi, saboda haka nasa da nawa duk da sunana aka rubuta. Na canja, na ɗura kuɗin Masar a lalita, na ɗaure a ƙugu, can ƙarƙashin 'yar ciki da taguwa da babbar riga. Na ɗauka girma ne ya zo mini.

Kusa da masaukinmu akwai gidan shayi, kujeru har bakin titi, dattawa na zaune suna zuƙar taba ta cikin tulun ruwa. To a wajenmu, in mai hali ya zauna a teburin mai shayi, ba ya tashi ya bar waɗanda ya tarar su biya da kansu. Ashe su can kowa kofinsa ya sani. Muna gama sha, taubashina ya ɗaga yatsa ya zagaya da shi a kan jama'ar wurin kaf. Mai kawo shayin ya tsaya yana kallonsa. Ya sake zagayawa, sannan ya ce da ni, "Malam akawu, sallame su."

Mai lalita ba ya biyan kuɗi cikin mutunci. Sai ka juya wa mutane baya, ka fuskanci bango, ka kama bakin riga da haƙori, ka yi ta lalube kamar mai neman ƙuma. Kafin in juyo, dattawan nan sun yi layi suna gaisawa da taubashina hannu bibbiyu. Na ji ana ta ce masa Basha, Basha, wato babban basarake a wajensu. Ni da na zare kuɗin ko kallo ban samu ba.

Washegari aka fito masa da kujera mai matashi. Shayinsa a kan faranti, nawa a hannu aka miƙo mini. Ya zagaya yatsa, na fuskanci bango. Ana cikin haka na ji wani tsoho mai jar hula yana nuna ni yana ce wa na kusa da shi "hadim". Larabcina na allo ne, amma bai kasa gane hadimi ba.

Da muka koma masauki da azahar na tsare shi.

"Kai bawa, ka san abin da mutanen nan suka ɗauke ni?"

"Ranka ya daɗe, ai Larabawa akwai ido."

"Rabin kuɗin nan nawa ne."

"Wa ya musa? Ai kai ne mai sa hannu. Ni jahili, ina ni ina taɓa kuɗi? Yatsa kawai Allah ya ba ni."

Na kwance lalitar na jefa masa a cinya. Na ce gobe ni ne mai yatsa, shi ne mai bango. Ya ce to, cikin ladabin da ya kamata ya sa ni zargi.

Da safe na sa rigata mai aska takwas, na karya hula, na riga shi zama a kujera mai matashi. Na sha shayi a hankali kamar alƙali. Sannan na ɗaga yatsa na zagaya, har da mai gyaran takalmi na tsallaken titi na haɗa.

Mai kawo shayin bai motsa ba. Ya waiwaya ya dubi Basha, yana neman izini.

Basha ya yi ajiyar zuciya irin ta uban da ɗa ya gajiyar, ya girgiza kai yana murmushi, ya ɗaga gira alamar a ƙyale yaro. Kuma bai je bango ba. Ashe tun a ɗaki ya juye kuɗin a aljihun gaban riga, yadda suke yi a kara. Ya zaro damin da yatsa biyu, ya zare takarda ya ajiye bai ko duba ba. Wurin ya ɗauki sambarka. Ga ubangidan da ke bar wa hadiminsa kujera, har ya biya masa kyautar da ya yi da bakin wofi. Tsoho mai jar hula ya taso ya sumbaci goshinsa, ni kuma ya dafa kafaɗata ya nuna sama, wato in gode wa Allah.

Aka kawo canji a faranti. Basha ya turo shi gabana da ɗan yatsan nan nasa, ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Ɗauki ka sayi goro, yaro. Ana kallonka."

Ana kallona kuwa. Na ɗauka, don kuɗina ne. Godiyar ce har yau ba mu daidaita a kanta ba. Duk Juma'ar da kasuwa ta ci, yana gaya wa dillalai cewa na yi, har da rusunawa. Ni kuwa takalmina ne ya zame, na sunkuya in gyara.