Rigar bidon Baba Ilu

"Malam tela, kana ɗinka wa bido riga?"

Na ɗaga kai daga keke, sai ga Baba Ilu, wani dattijon magini mutumin Maradi, riƙe da bidon ruwansa, wato jarka, da tsohon buhun algarara.

Farkon shekarun 2000 ne, a ɗan shagona na unguwar Sersouf, a wani gari can arewa cikin hamada. Na zo daga Damagaram da manyan riguna masu aiki, ina ji da kaina. Wata biyu suna rataye, sai dai a shafa a ce tubarkalla a wuce. Har na fara tunanin komawa gida.

Na ce, "Haba Baba! Shekara bakwai ina koyon aikin allura, in ƙare a buhu?"

Ya yi dariya. "Ɗana, babbar riga sau biyu nake sa ta a shekara. Ƙishirwa kuwa kullum ce. Ka lulluɓe shi in jiƙa buhun, ruwana ya yini da sanyi a wurin gini."

Na ɗinka ina ƙunƙuni. Da yake hannu ya saba, na ɗinka masa sunansa da jan zare.

Kashegari magina shida suka zo, kowa da bidonsa. Ashe sunan ya fi burge su, don kullum rigima ake kan na wane ne. Daga baya direbobin manyan motoci suka biyo.

Rigunan nan fa? Da Sallah ta zo, masu bidon ne suka saye su tas.

Ku fa, wa ya taɓa kawo muku arziki har ƙofa kuna hura masa hanci?