Ruwan da Bai Nuna Ba

Baba masunci ne, a bakin kogi a Yawuri ya tsufa. Da ɓarin jikinsa ya shanye, muka ɗauko shi zuwa gidana a Kubwa, inda tagar ɗakinsa ba ta kallon komai sai katangar maƙwabci. Likita ya ce zai farfaɗo in yana cin abinci. To, Baba ya daina ci, ya daina magana. A kai masa kunu, ya kau da kai. Ina kallo mahaifina yana narkewa a kan katifa, ni kuwa ban iya komai ba sai sa hannu a fayil a ma'aikata.

Na ce tunda ba zan iya kai shi kogi ba, bari in kawo masa kifi har ɗaki. Na tafi Mararaba wajen wani mai sayar da kifin ado, na sayi akwatin gilashi da tsakuwa da filta, ɗan injin da ke tace ruwa ta cikin soso. Da na nuna kifin da nake so, sai ya girgiza kai.

"Oga, ba yau ba o. Sabon ruwa yana kashe kifi. Sai ya nuna tukuna."

Wai kashin kifi dafi ne, kuma akwai wasu halittu da ido ba ya gani masu cinye dafin. A soson filta suke zama, sai an yi makonni kafin su yi yawa. In riƙa barbaɗa abincin kifi a ruwan ya ruɓe, su samu na ci. Ya ba ni maganin gwaji: in na ɗiga ruwan ya yi kore, da sauran dafi, in ya yi ruwan ɗorawa, ya nuna.

Makonni! Wa ya ba ni makonni? Amma in na yi gaggawa kifaye suka mutu a gaban Baba, ciki a sama, na san shi ma ya gama.

Na ajiye akwatin a ƙafar gadonsa. Kullum da safe in gwada, kullum kore. In an ɗauke wuta in ruga in tayar da janareta, ba don firij ba, don soso. Matata ta ce ta ga mai kiwon kaji da mai kiwon awaki, amma mai kiwon ruwa sai a gidanta. Baba kan dubi akwatin ba komai ciki, sannan ya dube ni. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Koren ya fara dusashewa ke nan Yaya, babbar 'yar'uwata, ta zo daga gida jinya. Yaya kuwa mace ce da ko sabulu sai ta wanke. Na dawo daga aiki na tarar gilashi yana walƙiya, ɗaki yana ƙamshin omo.

"Kai ko kunya ba ka ji, ƙazanta a ɗakin mara lafiya?" in ji ta. "Soson nan har yauƙi yake. Na cuɗe shi, na sheƙa masa tafasasshen ruwa."

Matar da ta goya ni ce, ba damar in ɗaga mata murya. Na shiga bayi na rufe ƙofa na yi kuka. A makon ne likita ya ce in Baba bai ci ba, sai an zura masa roba ta hanci.

Na koma Mararaba, na roƙi mai kifi kamar in durƙusa. Ya yanko mini tsohon soso daga akwatinsa, baƙi ƙirin, ya ƙulle a leda da ruwa, kamar yadda ake ɗiban tsohon nono a zuba a sabuwar madara. Haka na rungumo ledar cikin cunkoson Nyanya ina salati kada ta yoye. Na haɗa Yaya da Allah kada ta taɓa.

Bayan 'yan kwanaki gwaji ya yi ruwan ɗorawa. Na kawo 'yan kifaye jajaye, ba su kai ɗan yatsa ba, na sake su. Muka tayar da Baba zaune. Ya daɗe yana kallo. Can bakinsa ya motsa, muryar a karkace.

"Wane mara imani ne ya kamo waɗannan? Ba su isa kamu ba. Mayar da su!"

Yana cikin faɗa Yaya ta tura masa cokalin kunu. Ya haɗiye don ya samu bakin ci gaba da zagina.