Jakar Doguwa a Cikin Kabad

Ƙanwata Doguwa da mataji aka haife ta. Tun tana ƙarama take bin kawunanmu, ko kin ƙi sai ta danne ki ta yi miki kitso. Da ta girma ta samu aiki a wani shagon gyaran gashi mai madubai a jere da fanka mai ƙugi. Ita aka bar wa rini, don ba ta taɓa ɓata wa kowa goshi ba.

Rinin nan kuwa shi jikinta ya ƙi. Da fari borin jini ne, tana susa muna tsokanarta wai rashin wanka ne. Ran nan leɓenta ya kumbura, murya ta shaƙe, muka kwashe ta sai asibiti. Likita ya gwada ɗan rinin a fatarta, wurin ya tashi ja wur. Ya ce ta bar taɓa shi, ya kuma ba ta allurar gaggawa. In maƙogwaro ya fara toshewa a caka mata a cinya nan take, kuma ko banɗaki za ta, ta tafi da ita.

Uwar ɗakinta mai shagon ta ce sangarta ce, ta miƙo mata safar hannu. Matar nan, Allah ya isa, tana da doka: da safe jakar kowace ma'aikaciya sai ta shiga kabad a datse da kwaɗo, wai kada a sace mata man gashi. Doguwa ta roƙa a bar mata allurar a aljihu. Matar ta ce ba a shagonta ba, salon kwastomomi su ce ta ɗauki 'yar shaye-shaye aiki. Na ce wa Doguwa ta bar wurin. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, in na bar gashi me na iya?"

Ranar da safar ta yage, matar ta fita sayen kaya da makullin. Abokan aikinta sun ce Doguwa ta kasa magana, kabad ɗin kawai take nunawa. Suka yi ta dukan kwaɗon da almakashi da ƙafar kujera, ko gezau. Kafin a samo mota ta daina nunawa.

Har yau in na tuna matar nan zuciyata tafasa take. Washegarin rasuwar sai ga ta gidanmu gaisuwa, ta ajiye jakar a gaban mahaifiyarmu.

"Mama, ku duba," ta ce, "komai nata yana ciki, ba abin da ya ɓata. Amfanin kullewar ke nan."